Sai Inna Ta Sha Ruwa

Ni ce 'yar farin Inna, kuma a gidanmu na Ƙofar Wambai, cikin garin Bauchi, wannan ba ƙaramin laifi ba ne. Ana yaye ni Kaka ta ɗauke ni zuwa sashenta, can ƙarshen gida kusa da rijiya, a can na girma. Inna tana nan cikin gidan, ina ganinta kullum tana daka, tana tankaɗe, tana yi wa ƙannena kitso da faɗa da wasa, amma ni ko kallon kirki ba ta yi mini. Ba ƙiyayya ba ce. Kunya ce irin ta mutanenmu: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta cin abinci a gabansa, ba ta nuna ta san yana duniya. Inna kuwa ta riƙe wannan al'ada fiye da kowace mace a unguwar, har ana misali da ita a gidajen biki.

Idan tana son in yi wani abu, sai ta gaya wa wanda ke kusa. "A ce wa waccan ta kwashe shanya, hadari ya taso." Idan ba kowa, sai ta gaya wa buta, ko bango, ko akuyar da ke ɗaure a turke, ni kuma in ji in aikata. Da na yi aure na koma Yelwa sai na samu suna, na zama ta Yelwa. Ta Yelwa ta haihu, a kai mata yaji. Ta Yelwa ta yi rashin miji, a je a zauna da ita. Na haura shekara hamsin a haka, na koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, na aurar da nawa, kuma ban taɓa ɗaga murya a kan wannan zance ba. Kowa ya ce mini mutunci ne, ni ma na ce mutunci ne.

Wata safiya santsi ya kwashe ta a bakin rijiya, ƙashin kwankwasonta ya karye. Aka yi mata aiki a asibiti, aka sa ƙarfe, aka dawo da ita gida daidai shigowar bazara, tana kwance ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Nan fa aka shiga tambayar da kowane gida ke shiga: wa zai zauna da ita da rana? Ƙannena mata aure ya watsa su, wata Gombe, wata Abuja, wata Maiduguri, kowacce ta zo ta yi 'yan kwanakinta ta koma kan 'ya'yanta. Maza kuwa, ko suna gari, ba su ne za su kai uwarsu makewayi ba. Autanmu ne ke cikin gidan da matarsa, yarinya mai haƙuri, amma tana aikin ofis, da safe take fita sai dab da magariba. Ni kuwa ina zaune a Yelwa, ba miji, ba goyo, ba aiki, sai faɗa da ɗaliban da ke haya a gidana kan shara.

Na ce ni zan riƙa zuwa.

Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu, wadda tun rasuwarsa ta naɗa kanta alƙalin gidan ba tare da kowa ya roƙe ta ba, ta riƙe haɓa. "Ke 'yar nan, a ina kika taɓa jin 'yar fari ta yi jinyar uwa ta jiki? Ki aiko da abinci, ki aiko da sabulu, ki zo ki gaishe ta daga bakin ƙofa. Wannan shi ne naki."

Na ce, "Gwaggo, sabulu ba ya juya mutum a kan gado."

Haka aka fara. Da safe matar Auta ta yi mata wanka, ta ɗora ta kan kujerar nan ta marasa lafiya mai rami da fo a ƙarƙashi, ta gyara ta, ta fita. Ni kuma keke ya sauke ni a bakin lungu, in shigo da sallama, in durƙusa in ce an tashi lafiya, ya jiki. Ta amsa wa bango, "Alhamdu lillahi." In share ɗaki, in wanke zannuwa, in yi mata fifita. Idan zan juya ta, sai ta rufe ido ta sandare kamar itace har in gama. Abinci kuwa in ajiye in fita tsakar gida, in na dawo in tarar ta ɗan taɓa. Kujerar tana nan a lungun ɗaki, ba ta taɓa nemanta ba ina nan, ni kuma na ɗauka haka tsofaffi suke.

Ba a jima ba ta gaya wa bango, "A ce wa ta Yelwa kada ta wahalar da kanta da girki, azumi nake." Wai ramuwa ce, ta shekarun ciki da goyo da ba ta gama ba. Magungunanta ta mai da su asuba da bayan magariba. To wa zai ja da tsohuwar da ta ce tana son ta sadu da Ubangijinta ba nauyi a kanta? Masu zuwa dubiya suka riƙa fita suna kaɗa kai. Tsohuwa a kan gado, da karaya, cikin wannan zafi, tana azumi! Allah Ya ba mu irin imaninta. Gwaggo ta kai labarin har Kasuwar Muda Lawal, masu sayar da atamfa suna aiko da dabino.

Wanda ya san bazarar Bauchi ya san abin da nake nufi da zafi. Duwatsun da suka kewaye garin su sha rana su dawo mana da ita, kwanon ɗaki yana ƙas-ƙas, wuta kuwa ba a ma zancenta. Ni da nake shan ruwa kamar raƙumi ina jin maƙogwarona yana bushewa, ita kuwa tana kwance da carbi, leɓɓanta sun yi fari sun tsattsage.

Wata rana bayan azahar na ji tana hira. Na leƙa, ba kowa. Da mahaifinmu take magana, wanda ya daɗe a kabari, tana ce masa ya shigo da babur ɗinsa ruwa zai sauko. Na taɓa goshinta, kamar murfin tukunya. Na kira Auta, muka ɗauke ta sai asibiti, aka shiga yi mata ƙarin ruwa leda bayan leda. Da ta fara dawowa hayyacinta, wata nas ta ja ni waje, babbar mace 'yar kudancin jiharmu, Kirista, mai irin Hausar nan da ba ruwanta da mace ko namiji. Ta nuna mini abin da ya taru a ledar fitsari.

"Hajiya, dubi. Kamar shayi ba madara. Mama ba ya shan ruwa, kuma yana riƙe fitsari. Ƙodan shi ya gaji fa. In kun sake kawo shi haka, ni ban san me zan gaya maka ba."

Na ce azumi take.

Ta ce, "Ni ban san dokan azumin ku ba. Amma ƙoda na san shi, ba ya yin haƙuri sau biyu."

Da aka sallame mu Auta ya kawo limamin unguwa, ya zauna bakin ƙofa ya yi mata bayani mai daɗi, cewa Allah bai ɗora wa mara lafiya wannan nauyi ba, ciyarwa ma ta wadatar. Inna ta ce to, ta gode, Allah Ya saka. Ƙanwata ta Gombe da ta zo saboda kwanciyar asibitin ta ƙara 'yan kwanaki, Inna tana ci tana sha, fuskarta ta ciko. Ta Gombe ta koma ranar Lahadi. Ranar Litinin na shigo da kunun tsamiya a fulas, Inna ta gaya wa bango azumi take.

Asabar da Lahadi ba na zuwa, tunda matar Auta tana gida. Wannan Asabar ɗin na je kasuwa sayen gero, na ga mai masa tana kwashewa da zafinta, na ce bari in saya in biya in ajiye wa yaran Auta. Na yi sallama, ƙarar injin markaɗen maƙwabta ta haɗiye ta. Ina isa bakin ɗakin Inna, ta gefen labule na hango ta an jingina ta da filo, riƙe da babban kofin silba da hannu biyu, tana kwankwaɗar kunu, tana ba matar Auta labari har da dariya. Ta sauke kofin ta ce, "Ƙaro mini na randa, sannan ki zo ki ɗora ni kan kujerar nan." A sake ta faɗa, kamar mai cewa a miƙo mata goro.

Na koma da baya na tsaya gindin rijiya har matar Auta ta fito da fo a hannu. Na jira ta zubar ta wanke, sannan na tambaye ta ko Inna tana azumi ranar Asabar.

"A'a Yaya, ai ranakun aiki ne kawai take yi."

Tana faɗa ta ji abin da ta faɗa, ta sa hannu ta rufe baki. Can ta ce a hankali, "Kullum na dawo, ko mayafi ba na cirewa take cewa in ɗora ta. Wani lokaci har rawar jiki take."

Ashe ba ramuwa ba ce, ba imanin da ake ta yabo ba ne. Ni take yi wa azumi. Idan ta sha ruwa za ta ji fitsari, idan ta ji fitsari dole a ɗaga ta, a kwance mata zane, a ɗora ta kan kujera, kuma ba kowa a gidan da rana sai 'yar farinta. Ta gwammace ƙodarta ta lalace da in ga cinyarta. Ban yi kuka ba. Raina ne ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba, har masar da ke hannuna na matse ta cikin leda ban sani ba.

Washegari muka zauna a tsakar gida, ni da Auta da matarsa da Gwaggo. Gwaggo ta ji labarin ta gyara zama, abin nema ya samu.

"Ai na faɗa tun farko. Kin matsa wa baiwar Allah har kin kusa kai ta lahira. Yanzu sai ki janye jikinki."

Na ce in janye wa ya zauna? Maganar ɗauko mace daga ƙauye an yi ta tun a asibiti, Inna ta rantse bare ba zai ga tsiraicinta ba. Gwaggo ta juya ta dubi matar Auta. "Ga wadda ta saba da ita. Aikin ofis ɗin nan dole ne? Ta ajiye shi mana, ai uwar miji uwa ce."

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Na san wahalar da ta sha kafin ta samu aikin nan, na san iyayenta ma a kanta suka dogara. Auta yana ta wasa da makullin mota, irin na mazan da ke jira mata su yanke hukunci su ce Allah Ya sa haka ya fi alheri.

Na ce, "Ba za ta ajiye ba. 'Yar mutane ta bar aikinta, ni da Inna ta haifa ina Yelwa ina ƙirga kwanon rufi? Hannuna biyu lafiya lau, bayana lafiya lau."

"Ke 'yar nan, ba ƙarfi ake magana ba, kunya ake magana."

"Kunyar nan, Gwaggo, in ta kashe ta, wa zai amsa a gaban Allah? Ke ko ni? Liman ya zo gidan nan, kin ji ya ce addini ya hana 'ya ta ɗauki uwarta?"

"Boko ya lalata ki."

"Na yarda ya lalata ni. Amma abin da take ɓoye mini ɗin nan, ta nan na fito duniya."

Gwaggo ta saki salati da ƙarfi, ta yayibi mayafinta ta ce ba za ta zauna a yi batsa a gabanta ba, kuma daga yau ba ruwanta. Auta ya bi ta yana ba ta haƙuri. Ni ban bi ta ba, kuma har yau ban janye maganar ba.

Ranar Litinin na fito ban karya ba. Ina da ciwon suga, na daɗe da shi, kuma na san abin da yunwa ke yi mini. Ba na cewa dabara ce mai kyau, ba kuma na ba wa kowa shawarar ya gwada. Amma lallashi an yi, likita ya yi, liman ya yi, kuma ni jinin matar nan ce, na san taurin kai ba ya jin komai sai ɗan'uwansa. Matar Auta tana shirin fita na tsayar da ita daidai ƙofar ɗakin, na ɗaga murya yadda za a ji daga ciki, na ce in ta tashi daga aiki ta wuce ta gaida iyayenta, yara ma su sauka can daga makaranta, kada in gan su sai bayan magariba.

Na ɗebo ruwan randa a kofi biyu, na ajiye kan ƙaramin tebur kusa da gado. Sannan na yi abin da ban taɓa yi ba tunda aka haife ni, na zauna a bakin gadonta. Ta ja jiki wajen bango iya inda karayar ta bar ta.

Na ce, "Inna, na gane azumin nan. Na zo ranar Asabar na ga komai. Ga ruwa nan, ɗaya naki ɗaya nawa. Ba abin da zai shiga bakina sai kin sha naki. Ni ba azumi nake ba, ba lada nake nema ba, ko an kira magariba ba zan sha ba."

Carbin ya tsaya a hannunta. Sannan ta ce wa bango, "A ce wa ta Yelwa ta tashi mini daga kan gado."

"Yau bango ba ya kai saƙo. Ba kowa gidan nan sai ni."

Carbin ya ci gaba da tafiya, da sauri fiye da da. Na ɗauki mafici na shiga yi mata fifita, ina yi ina kallon fuskarta, abin da shi ma ban taɓa samun damar yi da kyau ba. Ashe tana da ɗan tabo a ƙarƙashin kunne. Ashe girarta irin tawa ce.

Hantsi ya yi, rana ta take. Kwano ya fara ƙas-ƙas, iskar da maficin ke kaɗawa ma zafi gare ta. A lungu mai ƙanƙara yana wucewa yana tallarsa, kamar an aiko shi ya tsokane mu. Kofunan nan biyu suna zaune, gefensu ya yi raɓa ya bushe, ƙuda ya sauka kan nawa na kore shi. Lokacin juyi ya yi na juya ta, ta sandare yadda ta saba. Da aka kira azahar na ɗauko buta na yi alwala a bakin ƙofar ɗakin, daidai inda take iya ganina, na kuskure baki na tofar da ƙarfi don kada ta ce na haɗiye. Na ba ta dutsen taimama ta yi tata sallar a kwance. Muka koma inda muka tsaya.

Bayan azahar jikina ya fara ba ni labari. Hannun da ke riƙe da mafici ya ɗauki rawa, na mai da maficin ɗaya hannun, shi ma ya ɗauka. Gumi mai sanyi ya keto mini a ƙeya, harshena ya yi nauyi. Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, idan fa na faɗi a nan, tsohuwa ba ta iya tashi, gida ba kowa, na kori kowa da bakina? Sai na dubi leɓɓanta, na tuna ledar nan mai kalar shayi, na ci gaba da fifita.

Can ta yi gyaran murya, muryar a bushe kamar ana yaga takarda. Ta ce wa bango, "Mai ciwon suga ba ta zama da yunwa. An ce ko na watan Ramadan likita ya hana ta. An ce ta taɓa faɗuwa a makaranta gaban yara, sai da aka ɗura mata lemo."

Ban taɓa gaya mata ba. Faɗuwar nan ta makaranta ko ƙannena ba duka suka sani ba. Ashe duk shekarun nan tana bin labarina ta bayan fage, tana tambaya ba tare da ta tambaya ba, tana ajiyewa. Na kusa sakin kuka, na kusa ɗaukar kofin in ce shi ke nan Inna, kin ci. Amma na san in na sha ita ba ta sha ba, gobe azumi ne, jibi azumi ne, gata asibiti.

Na ce, "To mai ciwon ƙoda fa, ita tana zama da ƙishirwa?"

Ta yi tsaki ta rufe ido.

Da aka kira la'asar na yunƙura zan ɗauko buta. Ina miƙewa ɗakin ya juya, bango ya koma sama, na kai hannu zan dafa gado ban same shi ba, na sulale ƙasa na zauna dirshan, kaina jingine da ƙafar gadon. Ban suma ba, ina ji, amma idona duhu-duhu yake gani. Na ji ta ce "Innalillahi", na ji gadon yana motsi. Sai na ji ƙarar kofi yana gogar tebur, sannan na ji maƙwat, maƙwat, maƙwat.

Na ɗaga kai da ƙyar. Ta ɗago a kan gwiwar hannu, abin da ba ta yarda ta yi saboda zafi, fuskarta tana wajen bango, kofin a bakinta, ruwa yana zuba ta gefe yana bin wuyanta har cikin riga. Ba ta sauke ba sai da ta shanye. Ta kife kofin a kan tebur don in ga ba saura. Ta laluba sandarta ta tunkuɗo mini ɗayan har rabinsa ya zube, ta sa hannu ƙarƙashin filo ta zaro ƙullin dabinon buɗa-bakinta ta jefo mini a cinya.

"A ci," in ji ta.

Na ci, na sha. Na zauna a ƙasan nan har idona ya washe, rawar hannu ta lafa. Sannan na tashi na sake cika kofunan, na miƙa mata nata hannu da hannu. Ta yi kamar ba ta gani ba. Na ce an ce da yawa ake so, kuma nawa yana jiran nata. Ta karɓa.

Daga nan fa aka shiga babbar jira, don ni da ita mun san shan ruwan ba shi ne ƙarshen magana ba. Na yi sallata, na jawo kujerar daga lungu na girke ta a gefen gado, na wanke fo ɗin duk da a wanke yake, na koma na zauna. Na ce, "Inna, ga kujera nan. Ba zan taɓa ki ba sai kin so." Ta ci gaba da jan carbinta.

Rana ta fara sanyi. Na ga tana motsa ƙafarta mai lafiya, tana matse zanen gado da hannu. Duk keken da ya tsaya a bakin lungu sai ta kasa kunne ko matar Auta ce, in ta ji ya wuce sai ta sauke numfashi. Magariba da saura, ta sani, na sani. Tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, tsohuwa mai girma da mutunci, wadda unguwa ke misali da ita, na sa ta a wannan hali. Amma ban tashi na kira kowa ba.

Hannunta kawai ta ɗaga sama, ta bar shi a tsaye, fuskarta tana wajen bango.

Na sunkuya na sa wuyana ƙarƙashin hannun, na tallabo ta. Garin sauri na kama ta ɓangaren karayar.

"Wayyo! Ba ta nan ba, ta hagu! Ke ba ki da hankali ne?"

Ta kama hannuna ta mai da shi inda ya dace, ta danna shi a wurin. Na ɗaga ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, matar da nake gani kamar dutse tun ina yarinya, ƙasusuwa ne kawai da ƙanshin man zafi da turaren wuta. Ta maƙale wuyana da ƙarfi, na ji ɗumin hawayenta a kafaɗata. Na sassauta mata zane, na zaunar da ita, na ware zanen na rufe mata cinyoyi, na riƙe ta da hannu ɗaya don kada ta zame, na kawar da kaina wajen ƙofa. Wannan kunyar na bar mata, ba ta cutar da kowa.

Shiru, shiru. Sannan na ji ƙarar fitsari yana sauka cikin fo, ya daɗe yana zuba. Na halarci bukukuwa, na ji kiɗa iri-iri, na ji kukan jikokina na farko, amma ban tuna ƙarar da ta taɓa faranta mini rai kamar wannan ba.

Na ba ta buta ta yi tsarki, inda hannunta bai kai ba na kai nawa. Na ɗaura mata zane, na mai da ita gado ta hagu yadda ta koya mini, na gyara filo. Na fita na zubar, na duba kalarsa a hasken rana kafin in zubar, na wanke fo ɗin da sabulu na kife, na wanke hannuna. Da na dawo tana kwance tana kallon rufi, ta goge fuskarta tas kamar ba abin da ya faru. Na ɗauki mafici na koma bakin gado, ba ta ce in tashi ba.

Can ta ce, "Gobe kada ki fito ba ki karya ba."

Na ce, "A nan zan karya, tare da ke."

Ta yi tsaki mai tsawo, ta ce to in taho da tsamiya, ta gidan nan ta ƙare.